Garken Baba Jimrau

Nuriyya ta yanko hoton saniya guda a ordinata, wato kwamfuta, ta goge gefunansa har mahaɗar ta ɓace, sannan ta jera shi kamar zanen atamfa. Fili ya cika da shanu arba'in.

Wata uku mahaifinta Jimrau yana kwance a asibitin Maradi, kullum yana tambayar garkensa na Dakoro. An kasa gaya masa ɓarnar da fari ya yi.

Ta miƙa masa hoton a waya. "Baba, ga su, duk lafiya lau."

Ya daɗe yana kallo.

"Saniya guda ce, ɗiyata, na gani." Ya ɗora yatsa a kunnen saniyar. "Kuma wannan tsagar ta gidan Rabo maƙwabcinmu ce. Ashe ko ɗaya ba ta rage mini ba."