Ƙofar da Ba a Shiga a Tsaye

Tun motar ba ta gama tsayawa a gindin ganuwar ba, Tela ya sanar da kowa cewa shi fa ba zai sunkuya ba. Ba wanda ya tambaye shi. Matarsa tana laluben takalminta a ƙarƙashin kujera, ƙaninta kuma, wanda ya tuƙo su cikin rairayi tun safe, yana duba cajin wayarsa.

A unguwa ba a kiran Tela da sunansa, Ƙi-Rusuna ake ce masa. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagonsa ya ji dalili: kakansa ne ya shiga gaban sarkin wannan tsohuwar fada ta tsakiyar hamada da kai a sama, alhali an gina ƙofar ɗakin ne musamman don kowa ya duƙa. Kaya dai sukan makara a shagon, amma labarin bai taɓa makara ba.

To, shi ne fa ƙanin matar, yaron da bai san darajar manya ba, ya ce a zo a gani da ido. Wai ziyarar tarihi. Wace ziyara! So yake ya ɗauki bidiyon Tela a duƙe, ya tura wa 'yan majalisar bakin shago, daga ranar sunan ya mutu murus. Mutum ya yi shekara da shekaru yana gina suna, wani ya rushe shi da waya mai fasasshen gilashi. Ina adalci a nan?

Tela ya san tarko ne. Ya dai kafa hularsa mai tsayi, ya zura takalmin da yake zuwa biki da shi.

Wani dattijo mai sanda ne yake zagayawa da baƙi. Ya nuna musu bangon jar ƙasa mai kaurin da mutum zai iya kwanciya a kansa, da busasshiyar rijiya a tsakar gida, da rumbunan da rufinsu ya rufta. Duk inda aka tsaya, Tela sai ya kutsa sahun gaba, don shi ba mutumin tsayawa bayan jama'a ba ne. Da aka hau saman ganuwa kowa ya leƙa ta kan katanga yana yaba tuddan yashi, shi kuwa ya juya baya. Ya ce bai baro shagonsa don kallon yashi ba.

Daga ƙarshe aka iso. Ƙofa ce ta baƙin katako a ƙarshen wani dogon soro, saman nata ya yi santsi saboda goshin mutane.

Dattijon ya ce sarkin da ya gina ta ya gaji ne da fadawa masu taurin wuya, sai ya sa magina suka sauko da ita. Ko kana so ko ba ka so, gaisuwa ta fita. Wasu baƙi masu jakunkuna a baya suka naɗe kamar tabarma suka shige suna dariya.

“Bismillah, Yaya,” in ji ƙanin matar. “Yau za mu ga jikan kaka.”

Tela ya ja baya, ya gyara wuyan riga. Ya ɗaga murya yadda har na cikin ɗaki za su ji. Ya ce a gidansu ba a rusuna wa mai rai, balle sarkin da ƙasa ta daɗe da cinyewa. Ya ce in ƙofar nan ta isa, ta fasa masa kai, a ɗauki gawarsa a miƙe.

Dattijon ya dube shi, ya dubi ƙofar. “Ranka ya daɗe, ai kai…”

“Kar ka roƙe ni, malam. Na riga na rantse.”

Matar ta ja mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Tela ya ɗauka kuka take yi, ya ce mata ta yi haƙuri, haka auren jarumi yake.

Don ya samu fuskar Tela da kyau a bidiyon, sai ƙanin ya riga shi shiga. Ya duƙa har gwiwa, duk da haka katakon ya gwabje masa ƙeya, ƙum! Ya juyo yana sosa wurin, ya saita waya.

Tela ya auna ƙofar da ido, irin kallon da yake yi wa yadi kafin ya sa almakashi. Ya haɗe hannuwa a baya, ya turo ƙirji, ya ɗaga haɓa sama. Ya taka a hankali, kamar mai jiran a yi masa kirari.

Ya wuce. Wuyansa bai lanƙwasa ba, gwiwarsa ba ta karye ba. Ya tsaya gaban dakalin da sarki yake zama, ya juyo ya kalli wayar.

“Ka ɗauka? To tura musu. Ka haɗa da taka shigar, kar ka rage komai.”

Ƙanin ya sauke wayar a hankali, yana kallon sararin da ya rage tsakanin ƙolin hular da katakon, wanda kaza za ta iya tsayawa a ciki. Sai a lokacin ya gane irin jarumtar da kakan ya bar wa zuriyarsa: kaf gidan, a haɗa da hula da takalmin biki, ba a taɓa haifar wanda ya kai tsawon ƙofar ba.