Akwatin Toka a Tsakanin Riguna

A cikin hotunan rigunan da matar Injiniya ke ɗinkawa, akwai wani ɗan akwati mai ruwan toka da ya ƙi nuna komai. Duk wanda ya shiga shafin shagon a intanet sai ya ci karo da shi a layin farko, kamar giɓi a bakin mai fara'a.

Injiniya ne ya gina shafin. Surukarsa ce ta raɗa masa sunan, tun ranar da ya ce mata ai ya daɗe da gogewa a harkar kwamfuta, kuma ba ta zama a taro ba ta yi tutiya da shi ba. Shi kuwa sunan ya fi masa nama daɗi. Da hannunsa ya loda hotunan farko: ya kwashi jakar da matar ke tara su a kwamfutar gida ya juye gaba ɗaya, don manyan ƙwararru ba sa tsayawa zaɓe.

"Baban yara, mutane na tambaya ko rigar ce ta ƙone," in ji matar. "In abin ya fi ƙarfinka, yayana ya san wani mai gyara."

A kira bare, a gidan da ake da Injiniya? Ya murtuke fuska.

"Ba laifin shafi ba ne. Wani ne ya ɗauki takarda ya laƙa mata sunan hoto. Shafi suna yake dubawa, ya nemi hoto ya rasa."

Nan kam ya faɗi daidai. Fayil ɗin sunansa "riga mai kwalliya", amma ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, kuma in an danna ba ya buɗuwa. Da ya goge shi da an wuce wurin. Sai dai Injiniya ba gyara kawai yake so ba, so yake a ga mai laifi, kuma a ransa ya riga ya yanke cewa matar ce.

Ya duƙufa har wuya ya ƙage. Ya koya wa shafin ya daina yarda da suna, ya riƙa leƙa cikin fayil ya gane irinsa, in takarda ce ya nuna ɗan hoton bangonta. Ya gwada da wasu takardun, abu ya yi kyau. Akwatin tokar kuwa ya bar shi da gangan, sai an taru.

Ya sa aka gayyato surukar, ya ba ta kujera mai kyau gaban kwamfuta.

"Mama, ku duba da kyau. Yanzu za ku ga irin aikin wanda bai san komai ba."

Ya danna. Tokar ta washe, bango ya fito. Matar ta matso ta karanta da ƙarfi, surukar na gyara tabarau: "Koyon Gina Shafi Ga Wanda Bai Taɓa Kunna Kwamfuta Ba."

Littafin da shi da kansa ya ɓoye ne cikin jakar hotunan da sunan riga, a makon da aka fara kiransa Injiniya.