Jikan Inna Kande Ba Shi da Cindo

Tun kaka da kakanni, duk ɗan da aka haifa a gidan su Inna Kande da yatsa shida yake zuwa. Shi ya sa a asibiti ta yi ta juya hannun sabon jikanta, tana ƙirgawa, tana sakewa.

"Inna, ki huta," in ji ɗanta Garzali. "Likitoci sun gyara shi tun yana ciki. Sun cire cindo, sun cire sikila."

"Hancin fa? Wannan ba namu ba ne."

"Shi kowa ke zaɓa yanzu."

Ta kwantar da shi kusa da jaririn wata mai jego, ta je alwala. Da ta dawo sai ta yi turus, kamarsu ɗaya sak. Kunya ta hana ta tambaya. Ta sunkuya tana shinshina su ɗaya bayan ɗaya.