Dattijon da Lif Ya Ƙi Saukarwa

Ka sani, ya ɗan'uwana, Allah Ya ƙara maka basira, cewa yanke hukunci a kan abu kafin a ga sababinsa yana daga cikin abubuwan da ke ɓatar da masu hankali. Ga misali, ka riƙe shi.

A wani birni akwai wani dogon bene da jama'a suke haya. A hawan ƙarshe akwai wani dattijo, tsohon alƙali da ya ajiye aiki, wanda gwiwoyinsa suka gaza har ba ya iya taka matakala. Ba shi da hanyar sauka sai lif, wato ɗakin ƙarfen nan da igiyoyi ke ja sama da ƙasa. Lif ɗin kuwa yana ɗaukar kowa lami lafiya, da mai buhun shinkafa da mai kwandon tumatir. Amma duk ranar Juma'ar da dattijon ya shiga zai tafi masallaci, sai ya sauko da shi kaɗan, ya yi ƙara, ya tsaya cik da ƙofa a buɗe, ba gaba ba baya, har a idar da salla. Sai zantuka suka yawaita. Wasu suka ce aljani ne ya tare a ramin lif. Wasu suka ce wani da aka taɓa yanke wa hukunci ne ya yi jifa. Wani mai barkwanci ya ce nauyin ilmi ne ya fi ƙarfin igiya. 'Ya'yan dattijon kuwa suka yanke shawarar mayar da shi wani gida na ƙasa a bayan gari, alhali shi ba abin da yake ƙi kamar rabuwa da masallacinsa da maƙwabtansa.

Aka kira mai gyara. Ya zo a tsakiyar mako, ya hau ɗakin inji, ya shafa igiyoyi bai sami ko zare ɗaya da ya tsinke ba. Ya gwada birki, ya auna wuta, ya share layin ƙarfen da ƙofa ke gudu a kai, ya goge idon hasken da ke hana ta matse mutum. Ya shiga ya hau ya sauka shi kaɗai, lif yana tafiya kamar an shafa masa mai. Ya faɗi gaskiya cewa bai ga illa ba, amma abin ya tsaya masa a rai: ƙarfe ba ya sanin Juma'a, ba ya kuma sanin alƙali, to me ke sauyawa a wannan rana? Da Juma'a ta zagayo sai ya dawo ba da kayan aiki ba, ya raɓe a kusurwar lif, ya harɗe hannuwa, ya zuba ido.

Dattijo ya shigo da sandarsa. Ba a yi nisa ba lif ya tsaya, domin wani maƙwabci ya danna maɓallin kira, ba don zai sauka ba, sai don ya san lokacin fitar Malam ne. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya dafe ta da hannu: an tashi lafiya, yaya jiki, yaya gwiwa, a sa mu a addu'a. Ƙofa ta yunƙuro za ta rufe, hannu ya mayar da ita. Ta sake yunƙurowa, aka sake mayar da ita. A hawa na gaba wata tsohuwa ce ta kawo jikanta a tofa masa albarka, ta kara ƙafarta a bakin ƙofa. A na gabansa 'yan'uwa biyu ne suka tsaya da tambayar rabon gado, ɗaya ya jingina kafaɗarsa da ƙofar. A nan lif ya yi ƙararsa ya ɗauke. An gina shi ne a kan cewa idan ƙofa ta yi ta ƙin rufuwa, to ya ɗauka wani abu ya maƙale, ya tsaya don kada ya cutar da rai.

Mai gyara ya russuna ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ba aljani ba ne. Gaisuwa ce."

Dattijo ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, sa'an nan ya ce, "To, ɗana, wacce za mu bari, gaisuwar ko Juma'ar?"

Mai gyara ya ce ko ɗaya. Ya hau ɗakin inji ya tayar da lif, ya ɗan ƙara wa ƙofa lokacin jira, sa'an nan ya roƙi a ajiye benci da tabarma a zauren ƙasa. Daga ranar, mai son gaida Malam sai ya riga shi sauka ya jira shi a can. Dattijo ya koma sahunsa na gaba a masallaci, 'ya'yansa suka janye maganar ƙaura, aljanin ramin lif kuma ba a sake jin labarinsa ba.

Ka duba, ya ɗan'uwana: illar ba ta cikin ƙarfe, ba ta kuma cikin gaibu. Tana cikin hannuwan masoya, a fili, kowa yana kallo, ba wanda ya gani sai wanda ya tsaya ya lura. Allah Maɗaukaki Ya rataya al'amura ga sabubbansu, kuma neman sababi ba ya rage tawakkali. Shi ya sa magabata suka ce: ruwa ba ya tsami banza.