Kafin a Yaye wa Mara Lafiya Mayafi

Da kanta Lauya ta turo tsohon a keken marasa lafiya zuwa ɗakin taro, ta hana kowa taɓawa. Ɗalibar likitanci ce, kaifin bakinta ne ya ja mata sunan. Ita ke jan ragamar 'yan ajinsu a fafutukar kare mutuncin marasa lafiya.

Buƙatarsu ɗaya ce tak: kada a ƙara yaye wa majinyaci mayafi a gaban ɗalibai sai an gaishe shi, an nemi izininsa. Don a asibitin koyarwar nan, da ka hau gado sunanka ya ɓace, ka koma "ƙodar gado na uku" ko "hantar bakin taga".

Shugaban asibiti ya ce surutu ba hujja ba ne. Su kawo mara lafiya ɗaya ya faɗa da bakinsa, in ba haka ba an rufe zancen ke nan. Farfesan tiyata, wanda kowa ya san da shi ake, murmushi kawai ya yi. Shi ne kuma zai yi wa Lauya jarrabawar fita, saboda haka in ta zo hannu rabbana, kashinta ya bushe.

Neman shaida ya zama jan aiki, kowa tsoro yake kada a juya masa baya ranar da ciwo ya dawo. Da ƙyar wata nas ta tuno wani tsoho mai gyaran agogo, mai ciwon suga, da aka sallama bara yana hawaye. 'Yan aji suka yi ta sintiri a shagonsa, shi ko ya ce ya bar wa Allah.

Ranar da Lauya ta je da kanta, ya cire gilashin aiki ya daɗe yana kallonta.

"Ke ce shugabar tasu?"

"Ni ce, Baba."

"To, zan zo."

Ta dawo tana hura hanci, wai magana iyawa ce.

A ɗakin taron tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce an kewaye gadonsa ba ko sallama. An ɗage masa mayafi har cinya, matar ɗansa na zaune a gefe. An yi ta latsa masa ƙafa, an ɗauki hoto da waya. Da ya roƙa a rufe shi, sai aka ce, "Baba, yi mana shiru, karatu muke."

Ran Lauya ya ɓaci har idonta ya kawo ruwa. Ta watsa wa Farfesa harara, ya sani ita ba ta tsoronsa.

Shugaba ya gyara zama. "Baba, za ka iya gane wanda ya yi maka haka?"

Tsohon ya sunkuya yana kokawa da safarsa ta hagu. Lauya, sarkin tausayi, ta yi maza ta durƙusa ta cire masa.

Yatsu biyu babu, ga tabon ɗinki ya lanƙwasa har diddige.

Lauya ta ƙura wa ƙafar ido. Fuskar nan dai ta zauna gabanta a shago, ta wuni da ita yau, ba ta taɓa tuna ta ba. Amma ƙafar, kallo ɗaya ta yi mata ta gane: har yanzu tana cikin wayarta, da hoton ƙafar nan da ta ɗauka ta zo ta ɗaya a aji bara.