Abin da Ke Ƙarƙashin Kwalta

Ana tsakiyar waƙa ta biyu hayaƙi ya turnuƙe daga bayan amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Jita ta yi shiru, muryar mawaƙiya ta ɗauke, mai ganga kaɗai ya ci gaba da dukansa kamar ba a sanar da shi an yi mutuwa ba.

Cleveland Mowatt, shugaban makaɗan, ya sauke ƙahonsa ya dubi wanda ya haɗa na'urar.

"Ta uku ke nan da ta ƙone, Lascelles. Makaɗa ne mu ko masu gasa kifi? Ran Asabar muna da wasa a bakin teku, mutum dubu biyu. In ba ka kawo mini wadda za ta kai ƙarshen fili ba, wajen Eustace na nufa."

Lascelles Gayle ya durƙusa ya zare wayar lantarki. Cleveland ne kaɗai ya rage masa cikin masu ba shi aiki, kuma dukansu biyu sun san haka.

Shekara goma sha biyar babu mai haɗa amfilifaya a yammacin birnin Kingston da ya kama ƙafarsa. In aka kunna tasa, kwanon rufin maƙwabta rawa yake yi, amma ana jin kowace kalmar waƙa tsaf. Sirrin yana cikin taransfoma: naɗi nawa za a yi wa wayar tagulla, hawa nawa, wace takarda za a sa tsakani. Kowane mahaɗi yakan zuba narkakkiyar kwalta ya rufe tasa don kada wani ya leƙa. Lascelles ya ƙara da kulle lissafinsa a wani baƙin littafi, makullin a wuyansa.

Shi kansa naɗin wayar bai taɓa ɗaukarsa a bakin aiki ba. Ƙanwarsa Icilda ce ke yi masa da tsohon keken ɗinkinta, shi nasa ya rubuta lamba a guntun takarda ya miƙa. Ran da ya ce mata a gaban baƙi ko akuya aka ɗora a keken za ta iya, ta kwashe kayanta ta koma ɗinkin kayan makaranta, ko kallon ƙofa bai yi ba. Ya ci gaba da naɗin da hannunsa, bai kauce wa littafin ko da zare ɗaya ba.

Eustace Pinnock ne damuwarsa. Wani mai gyaran rediyo ne da ya taɓa yin wata uku a shagonsa kafin ya kore shi saboda sakarci. Mutumin da ko waya bai iya haɗawa ba tare da ya ƙona yatsa ba, yau shi ne makaɗa ke bin layi a ƙofarsa. Lascelles ya zagi masu sayar da waya, ya zagi wutar lantarki, daga baya ya tsaya a kan abu guda: ɗan banzan nan ya karanta masa littafi.

Ran Laraba ya sayi amfilifayar Eustace a hannun wani mai mashaya, ya kai ta bayan shago ya fasa ta da guduma. Ya sauko da tasa tsohuwa ta zamanin tashe daga kan kanta. Ya narka kwaltar duka biyun a kan gawayi, wari ya kori kajin gidan. Sannan ya zauna yana warware su tare, hannun dama ɗaya, hannun hagu ɗaya.

Inda wannan ta juya, can waccan ta juya. Inda aka sa takarda a nan, an sa a can. Har ƙullin ƙarshe iri ɗaya ne.

Daɗi da baƙin ciki suka kama shi lokaci guda. Ya zuba wayoyin a buhu, ya ɗauki littafinsa da adda, ya nufi layin Eustace da rana tsaka. Masu buga domino a bakin titi suka watsar da wasa suka bi shi, Cleveland ma da ke cin abinci a kusa ya taso da kwanonsa.

"Fito, ɓarawo!" Ya zazzage buhun a ƙofar shagon. "Rana dubu taka, yau tawa ce. Ga taka, ga tawa. Kowa ya zo ya gani da idonsa!"

Eustace ya fito yana goge hannu, ya dubi addar, ya dubi tulin wayar.

"Ka fasa mini kaya mai kyau, tsoho. To buɗe littafin naka mai tsarki. Hawa nawa ka rubuta?"

"Uku. Kai ma ka sani, munafuki."

"Waɗannan da ka warware fa?"

Lascelles ya dubi tulin wayar. Da hannunsa ya ɓare takardun ɗazu, ɗaya bayan ɗaya, daga kowace taransfoma. Hawa bakwai ne a kowacce. Fushi ne ya hana shi ƙirgawa.

Cleveland ya daina tauna. Can cikin shagon labule ya motsa, Icilda ta fito da dunƙulen wayar tagulla a hannu, ta tsaya kusa da Eustace tana duban yayanta sama da ƙasa.

"Babu wanda ya taɓa maka littafi, Yaya," in ji ta. "Shekara goma sha biyar ina karɓar lambobinka ina hura wuta da su."