Babur ɗin Tela da Tarin Uwani

Tunda ka ce yaranka na tari kuma ka rasa dalili, gyara zama in ba ka wani misali. Ka tankaɗe shi da kanka, ka zubar da tsakuwar.

An yi wani tela a bayan kasuwa mai 'ya ɗaya tal, 'yar aji biyu a firamare. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka bakinsa bai taɓa furta sunan ba, Uwani yake ce mata. Abu biyu yake so a duniya: Uwani, da wani tsohon babur da ya gada daga kawunsa. A zaure babur ɗin yake kwana, lulluɓe da zanin gadon da ya fi na matar gidan kyau. Tela ya yi imani baƙin mai shi ne romon inji, in makanike ya ce a zuba murfi ɗaya, sai ya zuba uku don tausayi. In ya tayar da shi da safe, hayaƙi kan turnuƙe har matan unguwa su fito kwashe shanya, sun zaci hadari ne. An ce ƙadangarun zauren tun shekarar farko suka yi ƙaura, gizo-gizo ɗaya da ya yi taurin kai ya zauna kuwa, baƙin zare yake saƙawa. Kullum kafin a tafi makaranta sai tela ya bar inji ya yi zafi tukuna, ƙofar zaure a rufe don kada iska ta bugi yarinya. A nan Uwani ke shan kokonta, tare da 'ya'yan maƙwabta uku da yake rage wa hanya. Da hannunsa yake jera su dab da salansa, bututun da hayaƙin ke fita, yana cewa, "Ku matso ku sha ɗumi, kada mura ta kama ku."

Sai tari ya kama Uwani, ƙirjinta na kuka kamar 'yar kyanwa a cikin kwali. Tela ya tashi neman mai laifi. Ya ce sanyi ne, ya ɗinka mata rigunan sanyi uku, har hannunta ba ya lanƙwasuwa. Ya kori mai sayar da ƙanƙara daga layin. Ya je makaranta ya yi rigima a kan ƙurar alli. Daga baya ya ce bakin mutane ne, don 'yarsa ta fi ta kowa ƙoƙari. Ba mai maganin da bai kai ta wurinsa ba, daga mai zuma da citta har mai jiƙe-jiƙe, kuma duk a kan babur ɗin nan. Yarinyar da ke karanta shafi ba tsayawa ta koma ba ta iya kai ƙarshen layi sai ta tsaya neman numfashi. Ranar da ta faɗi a filin makaranta aka kai ta asibiti, likita ya tambaya ko akwai hayaƙi a gida. Tela ya dafa ƙirji ya ce ko turaren wuta ya hana matarsa sawa. Bai yi ƙarya ba a ganinsa. Na babur ai ba hayaƙi ba ne, alamar lafiyar inji ce.

Ana cikin haka babur ya lalace, ƙarfen da ake nema sai an aika wani gari. Mako uku yara na tafiya makaranta da ƙafa, tari ya kwanta, Uwani har tsalle-tsalle take yi a hanya. Tela ya ce jiƙon ƙarshe ne ya yi aiki, ya ɗinka wa mai jiƙon babbar riga kyauta. Aka gyara babur ranar Asabar. Kafin Laraba tari ya dawo da ƙarfinsa.

Washegari da safe malamar ajinsu, Malama Dije, ta biyo ta gidan. Ta yi sallama, ta tura ƙofar zaure, ta ji an amsa amma hayaƙi ya hana ta ganin mai amsawar. Ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Tela, yara arba'in da bakwai ne a ajina, alli ɗaya suke shaƙa. Huɗu ne ke tari, kuma dukansu daga zauren nan suke fitowa."

"Haba Malama," in ji shi yana shafa babur, "wannan fa ɗan gida ne. A hannuna ya tsufa."

"To kashe shi, mu ji wani abu."

Ya kashe don ya kunyata ta. Zaure ya yi tsit. Sai ga wani sauti siriri yana fitowa daga ƙirjin Uwani, tana jan iska kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Duk safiyar Allah haka take yi a gefensa, ƙarar inji ce ta hana shi ji. Tela ya dubi babur, ya dubi mai sunan uwarsa, ya buɗe ƙofa har bango, ya tura babur ɗin waje.

A makon nan ya sayar da shi ga wani mai ɗiban zuma, wanda na ji an ce ƙudan zuma na bar masa amya da sun jiyo tahowarsa. Tela ya sayi keke. Yanzu in ka ji ana haki a hawan nan na kusa da makaranta, tela ne. Uwani na bayansa tana rera karatunta har ƙarshen shafi, tana ce masa ya ƙara sauri.

To kai ma, kafin ka je ka tuhumi alli da mai ƙanƙara, fara leƙa zaurenka ka ga abin da ka lulluɓe da zanin gado. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da ɗan gari akan ci gari.